Darasin Gida: Lamba Mai Ɗigo da Gudun Mita 100

Darasin wannan fitowa na lissafi ne, kuma na gida gaba ɗaya ne, domin abin da ke kayar da yaro a jarrabawar BECE shi ne yake sa babba ya yi asara a kasuwa: rashin gane wace ce ta fi girma tsakanin lambobi biyu masu ɗigo. Za mu yi amfani da lokutan masu tsere, tun da yara suna son su.

A shekarar 2009 a birnin Berlin na Jamus, Usain Bolt ɗan Jamaika ya yi gudun mita 100 a cikin daƙiƙa 9.58, kuma har yau ba a samu wanda ya karya wannan tarihi ba. A 2022 Benjamin Azamati ɗan Ghana ya yi nasa a 9.90, wanda ana iya rubuta shi 9.9. Ku rubuta 9.58 da 9.9 a takarda, ku tambayi yaro wace ce ta fi girma. Da yawa za su nuna 9.58, hujjarsu ita ce 58 ta fi 9. To a nan gizo ke saƙa.

Lambobin da ke bayan ɗigo ba a karanta su a dunƙule. Ba a cewa "tara ɗigo hamsin da takwas", sai dai "tara ɗigo biyar takwas", saboda kowace lamba da gurbinta. Gurbi na farko bayan ɗigo na kashi goma ne, wato an raba daƙiƙa ɗaya gida goma. Na biyu na kashi ɗari ne, na uku na kashi dubu. A 9.58 akwai biyar cikin goma da takwas cikin ɗari. A 9.9 kuwa akwai tara cikin goma. Tara ta fi biyar, magana ta ƙare tun daga nan, ba sai an duba takwas ɗin ba. Saboda haka 9.9 ce babba.

Idan yaro ya ƙi gamsuwa, a koma aljihu. Sidi 9.90 sidi tara ne da pesewa casa'in, sidi 9.58 kuwa sidi tara ne da pesewa hamsin da takwas. Babu mai waina ko mai koko a zongo da za ta ruɗe a kan wannan. Sifirin da aka ƙara a ƙarshen 9.9 bai canza komai ba, ya dai daidaita tsawon lambobin ne don ido ya ga gaskiya. Amma a kula, sifirin da ke manne da ɗigo daban ne: 9.05 ba 9.5 ba ce, pesewa biyar ce da pesewa hamsin. Ga 'yan'uwanmu na Kamaru da Chadi da yaransu ke karatu da Faransanci, waƙafi ake sawa a maimakon ɗigo, a rubuta 9,58, amma ƙa'idar ɗaya ce.

Hanyar ke nan: a jera lambobin ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, ɗigo saitin ɗigo, a fara duba daga hagu. Lambar gaban ɗigo ita ce farko, shi ya sa 10.72 da Julien Alfred ta lashe tseren mata da shi a gasar Olamfik ta 2024 ya fi 9.90 ko da 72 ba ta kai 90 ba. In an yi canjaras a wani gurbi, sai a matsa na gaba.

Akwai tarko na biyu da ni nake ganin ya fi na farko cin yara a jarrabawa. A tsere, mai ƙaramin lokaci shi ne ya yi nasara. Yaro zai gano daidai cewa 9.90 ta fi 9.58, sannan ya rubuta cewa mai 9.90 ne ya zo na ɗaya. A riƙa tambayarsa: wa ya fi daɗewa a hanya?

Yanzu ga inda gurbi na uku ya raba gardama. A wasan ƙarshe na maza a Paris a 2024, Noah Lyles na Amurka da Kishane Thompson na Jamaika duk an rubuta musu 9.79. Da aka duba hoton layin ƙarshe, Lyles yana da 9.784, Thompson yana da 9.789. Tara da tara daidai, bakwai da bakwai daidai, takwas da takwas daidai, sai a gurbi na uku huɗu ta gaza tara. Lyles ya ɗauki zinariya da tazarar 0.005, biyar cikin dubu na daƙiƙa. Mai lura zai tambaya me ya sa 9.784 ta zama 9.79, alhali a makaranta an koya masa ta koma 9.78. Dokar tsere ce ta bambanta da ta aji: duk abin da ya ɗara a gurbi na uku, komai ƙanƙantarsa, sama ake kai shi.

Ga aikin da za a ba yara bayan sallar isha'i. Sauran mutum shida na wannan tsere sun yi 9.86, 9.81, 9.91, 9.85, 9.88 da 9.82. Su jera su daga mafi sauri, su kuma faɗi dalili da bakinsu. Amsar ita ce Fred Kerley 9.81 ya zo na uku, sai Akani Simbine na Afirka ta Kudu 9.82, Marcell Jacobs 9.85, Letsile Tebogo na Botswana 9.86, Kenny Bednarek 9.88, sannan Oblique Seville 9.91. Wanda ya gama da wuri a ce ya cire 9.79 daga 9.91, zai samu 0.12, tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na takwas a daren nan.