Ƙura da Mai Shirin Ƙaura Zuwa Agadas

Maigida, in kana shirin kai iyalinka Agadas, ko wani gari na bakin Sahara, to, ka sani iskar can ba irin ta ƙauyenku ba ce. Ruwan sama kaɗan ne, itatuwa ba yawa, ba abin da ke tare ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris, watau lokacin hunturu, hazo yakan rufe gari kwana da kwanaki.

Ƙurar nan laushi gare ta kamar gari, takan wuce hanci har ta kai huhu. Wani, atishawa da ƙaiƙayin ido kaɗai za ta sa shi. Amma mai ciwon fuka, watau asma, tana iya tayar masa da ciwon har numfashi ya gagara, tun ba yaro ko tsoho ba. Irin wannan lalle a kai shi ga likita kafin a tashi. Maganinsa na shaƙa kuwa ya zauna a aljihu, kada a cusa shi ƙarƙashin kaya.

Dubi Buzaye, ba don ado kaɗai suke yin amawali ba. Ran da iska ta taso, kowa ya rufe hanci da baki. Uwargida ta yayyafa ruwa kafin shara, kada ta hura wutar itace cikin ɗakin kwana. Tarin da ya wuce mako 2, a je asibiti a duba kaki.