Idan Sitiyari Ya Fara Rawa a Hanyar Jidda

Wani ƙanena da ke jigilar masu Umara da Camry ya same ni muna shan shayi a bakin Shari'u Mansur a Makka bayan sallar isha'i, ya zauna yana ta juya makullin mota a hannu. Can ya ce, "Yaya, motar nan ta ɗaure mini kai. A cikin gari lafiyarta lau. Daga Hindawiyya zuwa Jarwal, zuwa Misfala, ko ƙis ba ka ji. Amma da na hau titin Jidda allura ta taɓa 100, sai sitiyari ya kama kyarma kamar mai zazzaɓi." Ya ce sau biyu yana biyan kuɗin mizan, abin bai canja ba. Na tambaye shi ko an yi masa tarsis. Ya ce, "Ai duk ɗaya ne, ko?"

Ba ɗaya ba ne, kuma wannan ruɗanin ya cinye wa mutanenmu tayoyi masu yawa. Mizan, wanda a gida muke kira alaimen, saita fuskar ƙafafun mota ne don su kalli gaba daidai. Idan ya ɓaci mota takan ja gefe guda, taya kuma ta cinye ta baki ɗaya, ciki ko waje. Tarsis kuwa, wato balansin, daidaita nauyin ƙafar ne a kewayenta. Sunan ma daga rasas ya fito, dalma ke nan da Larabci, saboda 'yan ƙananan dalmomin da ake maƙalawa a jikin rim. Babu tayar da ke fitowa daga masana'anta da nauyi ɗaya a kowane gefe, haka shi ma rim, ga bawul da nasa ɗan nauyin. Idan aka haɗa su dole wani wuri ya ɗan rinjayi wani.

Mutum zai ce, to mene ne giram 30 a jikin motar da ta haura tan guda? A tsaye ba komai ba ne. Amma ɗaura dutse ƙarami a igiya ka wulwula shi, ka ji yadda yake fizgar hannunka. Kewayen tayar ƙaramar mota kusan mita 2 ne, saboda haka a gudun kilomita 100 tana juyawa kusan sau 14 a daƙiƙa ɗaya. A wannan gudun, rinjayen giram 30 a bakin taya yana fizga da ƙarfin da ya kai na kilo 7. Kuma ƙarfin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: idan ka ninka gudu sau biyu, fizgar ninkuwa take sau huɗu. Shi ya sa a lungunan Hindawiyya, inda da ƙyar kake kai 40 saboda cunkoso da yara da masu tura kaya, ba za ka ji komai ba. Ciwon yana nan, bai dai sami filin magana ba ne. Daga Makka zuwa Jidda kuwa, tafiyar kusan kilomita 80, tayar za ta juya wajen sau 40,000, kowane juyi tana dukan kwalta kamar guduma. To ina ga hanyar Madina, mai fiye da kilomita 400, wadda tun 2018 aka yarda wa ƙananan motoci su kai 140 a kanta?

Taya ce ke fara shan wannan dukan. Shafa tafin hannunka a kan zanenta, ka zagaya. Idan ka ji tudu da kwari, wuri ya lotsa wuri ya tashi, to tayar tana tsalle ne a hanya maimakon ta kwanta. Irin wannan cin ba ya gyaruwa. Ko an yi tarsis daga baya, gurnanin da take yi zai ci gaba har ta ƙare. Daga taya ciwon yake hawa zuwa shokozoba, da boris, da mahaɗan sitiyari, su saki tun kwanansu bai kai ba. Shokozoba kuma idan ya mutu shi ma yana jawo irin wannan cin, don haka a duba su tare.

Sai zafi. Wanda ya yi bazara a Makka ba ya buƙatar a ba shi labari. A aikin Hajjin 2024 ma'auni ya haura digiri 51 a Harami, kwalta kuwa ta fi iska zafi nesa ba kusa ba. Babban makashin taya a nan shi ne zafi tare da ƙarancin iska da lodi. Rashin tarsis shi kaɗai ba kasafai yake fasa taya ba, gaskiya ke nan, amma yana sirantar da ita a wasu wurare, kuma ba na so a ɗauki bayin Allah bakwai a mota a hau da su dutsen Hada zuwa Ɗa'if a kan tayar da ta sirance.

Jikinka zai gaya maka wace ƙafa ce. Idan rawar a sitiyari take, galibi ƙafafun gaba ne. Idan a kujera kake jin ta, ko a ƙasan ƙafarka, ko fasinjan baya suna ƙorafi, duba na baya. Yawanci tana zuwa ne tsakanin 80 da 120, wani lokaci ta lafa idan ka ƙara wuta, sai direba ya ɗauka ta warke. Amma idan sai ka taka birki sannan sitiyari ke rawa, wannan maganar faifan birki ce, kada a karɓi kuɗinka a kan tarsis. Haka motar da aka ajiye wata biyu ko uku a rana an tafi gida ganin dangi: tayoyin kan ɗan baje inda suka zauna, ta yi rawa da farko, sau da yawa kuma ta daidaita bayan ta yi tafiya ta ɗau ɗumi.

Abin da na fi jaddada wa ƙanena shi ne kada ya miƙa makulli a banshar, wato shagon gyaran taya, ya tafi shan shayi. Tsaya a kan na'urar tarsis ɗin. Ka tabbata an cire tsofaffin dalmomin tukuna, an kankare busasshen taɓon da ke cikin rim, musamman idan motar ta ratsa ruwan ambaliya, an kuma zaƙulo tsakuwar da ta maƙale a zane. Idan na'ura ta juya, lamba biyu za ta nuna, ta ciki da ta waje, kowace da nauyin da take nema. Bayan an saka dalma ka ce, "Mu'allim, sake juya ta." Sai ka ga sifili a ɓangarorin biyu sannan a sauke. Mai gaggawa yakan buga dalma ya wuce zuwa ta gaba, alhali minti ɗaya ne kawai sake juyin.

Ka kuma zuba wa ƙafar ido yayin da take juyawa. Idan bakin rim yana lilo, ya lanƙwashe ne, wataƙila daga maɗab, tudun rage gudu da aka hau da ƙarfi, ko daga gefen titi da aka goga wajen neman wurin ajiye mota. Dalma ba ta miƙe rim, sai an kai shi an gyara ko an sauya. Idan kuma na'ura tana neman nauyi mai yawa ƙwarai, ka ga ana jera dalma kamar carbi, ka roƙa a sassauta tayar a juya ta rabin zagaye a kan rim a sake gwadawa. Sau da yawa nauyin taya ne ya haɗu da na rim a gefe ɗaya. Sabuwar taya mai ɗigon rawaya a gefenta, a sa ɗigon daidai da bawul, domin ɗigon ne ke nuna wurin da tayar ta fi rashin nauyi. Rim ɗin ƙarfe ana buga masa dalma mai ƙugiya, na alminiyam kuma mai manni, kuma sai an goge wurin tas kafin a manna, in ba haka ba zafi da mai wankin mota za su raba ka da ita cikin mako.

Game da lokaci: duk sanda aka sa sabuwar taya, duk sanda aka ɓare taya daga rim don faci, da kuma kusan kowane kilomita 10,000 idan za a yi musayar na gaba da na baya. Mai jigila ya fi kowa saurin cika wannan adadin, gara ya yi kafin azumi ya kama, ya sake yi kafin Zulhajji, lokacin da babu sararin tsayawa. Kuɗin tarsis na ƙafa huɗu bai kai na sabuwar taya ɗaya ba, ko kusa.

Tunda ƙafar tana ƙasa, karanta lambobi huɗun ƙarshe da ke bayan rubutun DOT a gefenta. 2523 na nufin mako na 25 a shekarar 2023. Tayar da ta tsufa har gefenta ya fara tsattsagewa ba ta cancanci kuɗin tarsis ba, ko da zanenta na nan daram. Iska kuwa a auna ta da safe kafin mota ta yi tafiya, bisa lambar da ke manne a jikin ƙofar direba, kuma kada a rage ta don tsoron zafi, domin ƙarancin iska ne ke dafa taya.

Washegari ƙanen nawa ya je ya tsaya a kan na'ura. Ƙafar gaba ta dama babu dalma ko ɗaya a jikinta, sai tabon manni inda ta faɗi. Tayar kuma ta riga ta yi tudu da kwari, dole ya sayi wata.