Kafin ka haɗa tsohuwar kwamfuta da domen ɗin ofis

Duk mai kula da kwamfutoci a Katsina, ko a ma'aikatar gwamnati yake ko a makaranta ko a wani ƙaramin kamfani da ke kan titin IBB, ya san irin wannan rana. Sabon ma'aikaci ya kama aiki, ba a sayi sabuwar na'ura ba, sai a ciro wata tsohuwar Dell OptiPlex ko HP Compaq daga sito, a kakkaɓe mata ƙura, a ce maka, "Injiniya, a sa ta a netwok kafin azahar." Ka jona waya, intanet ta kawo, amma da ka nemi shigar da ita domen sai ta ce ba ta ga saba ba.

Domen tsari ne da saba, wato babbar kwamfutar ofis, ke riƙe da sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu da dokokin da kowace kwamfutar ofis za ta bi. A Windows, Active Directory ke wannan aiki tun fitowar Windows 2000. Samun intanet daban, shiga domen daban, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa.

Fara da duba irin Windows ɗin da ke kai. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta winver. In ka ga Home, ko Home Premium a Windows 7, to kada ka wahalar da kanka, ba ta shiga domen. Sai Pro ko Enterprise ko Education, ko Professional da Ultimate a tsofaffin. Kwamfutocin gwanjo da yawa da Home ake sayar da su.

Daga nan sai agogo, wanda a ganina shi ya fi cin lokacin mutane a garin nan. Tsarin Kerberos da domen ke tantance mutum da shi ba ya yarda agogon kwamfuta da na saba su saɓa da fiye da minti 5. Abin da ke riƙe lokaci idan an yanke wuta wani ɗan batir ne mai kama da kwabo, CR2032, a jikin allon cikin kwamfutar. Yana aiki ne a duk sa'ar da babu wuta a soket, don haka inda ake yini ana sauyi tsakanin wutar KEDCO da janareta, ko kwamfutar ta shekara a sito, ya fi saurin mutuwa. Alamarsa ita ce kwanan wata ya koma shekarun baya duk safiya. Buɗe murfi, ka danna ɗan ƙarfen da ke riƙe da shi, zai tsallo da kansa, ka sa sabo. Masu gyaran agogo ma suna sayar da shi. Tunda ka buɗe, hure ƙurar hunturu da ta toshe fanka.

Akwai tarkon da ya fi wannan ɓoyo. Kwamfutar da ta zo daga Amurka takan zo da yankin lokacin can, sai wani ya gyara agogon da hannu ya dace da na bango. A ido daidai ne, amma a lissafin saba akwai tazarar sa'o'i. Mayar da yankin lokaci zuwa West Central Africa, wato UTC+1, sannan ka saita agogon.

Sai DNS, wanda ke mayar da suna zuwa adireshi. Buɗe cmd ka rubuta ipconfig /all, ka ga wa kwamfutar ke tambaya. In adireshin rautar MTN ko Airtel ne a wurin, ko 8.8.8.8 na Google, su ba su san sabarku ba, ba kuma za su nuna hanyarta ba. Sa adireshin sabar domen shi kaɗai. Wasu kan sa na Google a layi na biyu wai saboda tsaro. Wannan ke jawo matsalar da ke zuwa yau ta ɓace gobe. Gwada da nslookup da cikakken sunan domen, mai ɗigo a ciki. In ya dawo da adireshin sabar, hanya ta buɗe.

Shigarwar kanta ba ta da wuya. Rubuta sysdm.cpl, ka ba kwamfutar suna da bai wuce harafi 15 ba kuma babu wata mai shi, ka sa sunan domen, mai izini ya shigar da kalmar sirrinsa, ka sake kunnawa. Tun sabuntawar da Microsoft ta fitar a Oktoban 2022, ba kowa ke iya sake amfani da sunan da ke cikin rajistar domen tun da ba, don haka ko ka zaɓi sabo, ko babban mai kula da saba ya share tsohon. Kafin duk wannan, kwashe fayilolin da ke kai zuwa wani faifan, ka kuma tabbata ka san kalmar sirrin administiretan kwamfutar kanta. Ranar da ta ɓata da saba, ta nan za ka shiga. Wanda ya shiga da asusun domen zai ga fuskar kwamfutar fayau, ya ɗaga hankali. Takardunsa na nan a C:\Users ƙarƙashin tsohon suna.

To amma akwai kwamfutar da ban yarda a haɗa ta ba ko da shugaba ya matsa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows XP a Afrilun 2014, Windows 7 kuma a Janairun 2020. XP ba ta san wata hanyar musayar fayil ba sai SMB1, wadda sababbin saba ke zuwa da ita a kashe. Za ka sami mai ce maka ka kunna ta a saba, a huta. Ta wannan ƙofar ce muguwar manhajar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Wake ɗaya ke ɓata gari: saboda kwamfuta guda ka raunana sabar da ke riƙe da albashi da takardun kowa. In dole sai da ita, misali tana tafiyar da wata tsohuwar na'urar ɗakin gwaji ko manhajar da ba ta aiki a sabuwar Windows, a bar ta ita kaɗai, ba domen ba intanet, a riƙa kwasar aikinta da filas guda da ake bincikawa.

Windows 10 ma ta bi sahun XP da Windows 7, an daina tallafa mata a ranar 14 ga Oktoban 2025, sai dai kamfanin da ya biya kuɗin ƙarin sabuntawar tsaro. Don haka mai Core 2 Duo, wadda ba ta ɗaukar Windows 11, ko ka ƙara mata RAM da SSD ta yi sauri, kwana kawai ka saya mata. Rubuta wa shugabanka wannan a takarda, ka ajiye kwafi. In kuma an ba ka kuɗin sayen ta hannu, a nan Katsina ko a titin Beirut na Kano, ka duba cewa tana da TPM 2.0 da Windows 11 Pro, ka kuma karanta lambar furosesa da idonka kafin ka biya. A jerin da Microsoft ta amince wa Windows 11, i5-8500 yana ciki, i5-7500 ba ya ciki.