Abin Da Ke Hana Batir Samun Caji Sa'ad Da Inji Ke Kan Silo

Mutane da yawa suna tsammani batir shi ke ba mota wuta dukan tsawon tafiya. Ba haka ba ne. Babban aikin batir shi ne ta da inji. Da zarar inji ya tashi, sai wani ƙaramin injin wuta da a ke kira altaneta ya karɓi aikin. Shi ke ciyad da fitilu da sauran kayan wuta, ya kuma mayar wa batir abin da a ka ci nasa wajen tashi. Akwai wata cuta da ta kan kama wannan aiki, watau mota ta yi caji sosai in tana gudu, amma in ta tsaya inji yana juyawa a hankali, abin da direbobi ke ce wa silo, sai fitilu su dushe. Wanda ya ke yini cikin gosulo na Legas ko na Anaca da irin wannan mota, wata safiya zai murɗa makulli ya ji shiru. Yawancin mutane a nan su kan tafi su sayi sabon batir, bayan mako biyu shi ma ya kwanta, kuɗi sun tafi a banza.

Mu fara da ma'auni. Ƙarfin turin wuta da bolt a ke auna shi, yawan wutar da ke gudu cikin waya kuwa da amfiya. Batir na mota yana da ɗakuna 6, ko wane ɗaki yana ba da bolt 2.1, jimla 12.6 ke nan in ya cika ya huta. In ya nuna 12.2, wajen rabi ya rage. Kun san ruwa ba ya hawa tudu don kansa. Haka kuma wuta ba ta shiga batir sai abin da ke tura ta ya fi batir ɗin ƙarfi. Saboda haka in inji yana aiki, ya kamata mita ta nuna tsakanin 13.5 da 14.7 a kan batir. In ta tsaya a 12.6 ko ƙasa da haka, to, ana cin tanadi ne, ba a zuba kome.

Me ya sa silo ne ke tona asirin wannan cuta? Altaneta ba shi da ƙarfin kansa, inji ne ke juya shi ta hanyar fambel, yawan wutarsa kuma yana bin saurin juyinsa. In kun ga an rubuta amfiya 90 a jikinsa, wannan lissafin sa'ad da ya ke juyi 6,000 a minti ɗaya ne. A kan silo ba ya kai kusa da wannan, abin da ya kan iya bayarwa bai fi wajen rabi ba. Ga lissafi wanda 'yan aji shida za su iya yi. A ce faɗin fulin inji santimita 15 ne, na altaneta 6. Ko wane juyi ɗaya na inji, altaneta ya yi biyu da rabi. Inji yana 750 a minti, altaneta yana 1,875. In silo ya faɗi zuwa 550, saura 1,375 kaɗai. In kuwa wani ya sa masa fuli mai santimita 7.5 wanda ya ciro daga wata mota dabam, ko inji yana kan 750 ɗin, altaneta 1,500 zai yi. A can ɗaya gefen kuma masu cin wuta ba su rage ci don an tsaya. Manyan fitilu biyu masu wat 55 ko wace ɗaya, jimla 110, a raba da 12, amfiya 9 ke nan da 'yan kai. A ƙara fankar sanyaya inji da na'urar sanyaya cikin mota, sai ci ya fi samu.

Motocin dā da dinamo su ke aiki, shi kuwa kusan ba ya caji ko kaɗan a kan silo, direbobin lokacin sun san haka, sun saba. Wannan yana cikin dalilan da su ka sa a ka bar shi. Kamfanin Chrysler na Amurka ya fara sa altaneta cikin motarsa Valiant a 1960, sauran su ka bi baya.

To, ga yadda a ke binciken. Abin da a ke bukata mita ce ta auna wuta, irin wadda ke ɗakin kimiyya. Da fari a auna batir inji yana kashe. In bai kai 12.4 ba, a kai shi a yi masa caji tukuna, domin batir mai yunwa ya kan shanye dukan abin da altaneta ya bayar, ya ja ma'aunin ƙasa, har a zargi altaneta mai lafiya. Sa'an nan a ta da inji, a kashe ko wane abu mai cin wuta, a rubuta abin da mita ta nuna. A kunna fitilu da fanka, a sake rubutawa. A taka totur zuwa juyi 2,000, a rubuta na uku. In lambobin nan uku duka suna ƙasa, altaneta ba ya aiki sam, ko kuwa wayarsa ta yanke. In kuwa na silo ne ƙasa, na totur ya hau wajen 14, to, yana aiki amma bai isa ba, sai a nemi abin da ya rage masa ƙarfi.

A fara da fambel, gama shi ne mafi araha. A kashe inji, a danna shi da babban yatsa a tsakiya. Irin na tsofaffin motoci bai kamata ya lotsa fiye da santimita ɗaya ba. In cikinsa ya yi santsi yana ƙyalli, ko mai ya zubo masa, zamewa ya ke yi, sau da yawa kuma za ku ji shi yana ƙara in an kunna fitilu. A duba kuma ko silon kansa ya yi ƙasa da abin da littafin motar ya ce.

Daga nan sai wayoyi, a ganina kuwa nan ne masu gyara su ka fi yin sakaci. Waya ta kan yi kyau a ido alhali tsatsa ta ci ta a ciki. Inji yana aiki, fitilu a kunne, a ɗora tsinken mita ɗaya a kan babban notin da wuta ke fita bayan altaneta, ɗayan a kan batir wajen alamar tarawa. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ta ɓace a hanya. Bai kamata ya kai rabin bolt ba. A sake aunawa tsakanin jikin altaneta da kan batir mai alamar ɗebewa, nan kada ya wuce 0.2. In ya wuce, a kwance kawunan batir da wayar da ta haɗa inji da bodi, a kankare farin garin nan da ke taruwa, a ɗaure tam. Altaneta ya kan ba da 14.2 a bakinsa, batir ya sami 13 kaɗai, bambancin duka yana cikin noti ɗaya da ya yi tsatsa.

Akwai kuma ƙaramar jar fitila mai siffar batir a gaban direba. Cikin tsofaffin motoci da yawa, ta cikinta ne 'yar wuta ke bi ta shiga altaneta ta farkad da maganaɗisunsa. In ƙwanta ya ƙone, altaneta ba zai soma caji ba sai an taka totur da ƙarfi, sa'an nan ya farka don kansa. Saboda haka a murɗa makulli ba tare da ta da inji ba. In fitilar ba ta kama ba, a fara da ita.

Sai an gama da waɗannan duka a ke zargin cikin altaneta. Wutar da ya ke haifarwa mai kai da komowa ce, batir kuwa ba ya karɓar sai mai bin hanya ɗaya. Don haka a ka sa masa 'yan ƙofofi 6 da a ke kira dayod, waɗanda ke barin wuta ta wuce gaba, ba ta komowa. In ɗaya ta mutu, ƙarfinsa ya ragu ƙwarai, a kan silo kuwa ragin ya fi bayyana. A juya mita zuwa ma'aunin wuta mai kai da komowa, a auna bayan altaneta. In ta kai rabin bolt, dayod ta lalace. 'Yan gawayin nan biyu da a ke kira burushi su ma su kan cinye, ƙurar hunturu tana gaggauta cinsu, haka kuma abin daidaita wuta ya kan gaza. Wannan aikin mai riwaya ne, sau da yawa kuma canja ɗan abin da ya mutu ya isa, ba sai an sayi altaneta sukutum ba.

Wani abu da a kan yi a bakin hanya, ina roƙonku kada ku yarda a yi wa motarku. Mai gyara ya kan cire kan batir inji yana aiki, wai in inji bai mutu ba caji yana da kyau. Batir shi ke shanye tsallen wuta. In an cire shi, wutar ta kan yi tsalle nesa da 14, ta ƙone dayod ko ƙwaƙwalwar mota, wadda kuɗinta ya ninka na mita sau da yawa. Gwajin ma ba ya faɗin kome game da yawan cajin.

Wannan ƙwaƙwalwa ita ce kuma ke rikita masu auna motocin zamanin nan. A cikin da yawa daga cikinsu ita ke ba altaneta umurni. In ta ga batir ya cika, ta kan sauke caji da gangan zuwa wajen 12.6 ko 13 domin a rage shan mai. Kafin a kwance kome a irin wannan mota, a kunna manyan fitilu a jira kamar minti ɗaya. In mita ta hau ta wuce 13.5, motar lafiyarta lau.