Wayar Hannu da Taswirar da ke Cikin Ƙwaƙwalwa

A da, baƙon da ya sauka a tashar garin da bai sani ba sai ya yi ta tambaya kafin ya kai masaukinsa. A yau kuwa wayar hannu ce ke yi masa jagora, ita ce kuma ke kai mai babur ƙofar gidan da aka aike shi da kaya. To, ta yaya waya ke sanin inda mai ita yake?

Asirin yana ga auna lokaci. Taurarin ɗan Adam na GPS, waɗanda Amurka ta fara harbawa a 1978, suna kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200 daga doron ƙasa. Kowannensu na ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, yana kuma aiko da saƙon rediyo mai bayyana inda yake da lokacin da saƙon ya taso. Gudun saƙon daidai yake da na haske, wato kusan kilomita 300,000 a sakan guda. Waya takan auna jinkirin isowarsa ta gano nisan tauraron, idan kuma ta sami saƙon taurari huɗu sai ta lissafa inda take. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan yakan jawo kaucewar mita 300. Wannan lissafi ba ya bukatar intanet, taswirar ce ke bukata, shi ya sa matafiyi mai dabara kan sauke ta tun kafin ya kama hanya.

Sai dai mutum ma yana da tasa taswirar, a wani sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfos, sunan da ya samo daga wani ɗan kifin teku mai kai irin na doki. A 1971 John O'Keefe ya gano a Landan cewa wasu ƙwayoyin wannan sashe a ƙwaƙwalwar ɓera ba sa motsawa sai ɓeran ya isa wani keɓaɓɓen wuri. Wannan ne ya ba shi kyautar Nobel a 2014. A 2000 kuma Eleanor Maguire ta binciki direbobin tasi na Landan, waɗanda kan shafe shekaru suna haddace tituna kafin a ba su lasin. Ta tarar ɓangaren baya na hifokamfos ɗinsu ya fi na sauran mutane girma, kuma gwargwadon daɗewa a sana'ar, gwargwadon girman.

Wani binciken na 2017 ya nuna cewa sashen yakan himmatu idan mutum ne ke zaɓen hanya da kansa, amma idan na'ura ce ke cewa dama ko hagu sai ya lafa. Wannan bai isa hujjar cewa waya na ƙanƙantar da ƙwaƙwalwa ba, amma abin lura ne. Malami na iya jarraba ɗalibansa cikin sauƙi: kowa ya zana hanyar gidansu zuwa makaranta da ka, sannan a kwatanta da taswirar waya a ga inda aka saɓa.