Dala biyu, hanya huɗu

Yara, kowa ya ɗauki dala guda ya duba. A gefe ɗaya akwai kan barewa, a ɗayan akwai lamba 5. In an jefa ta sama ta faɗo, ko barewa ko lamba. Hanya 2 ke nan, babu wadda ta fi wata. Sai mu ce yiwuwar barewa 1/2 ce, wato rabi.

To, ga magana. Abdu da Sani da Hadiza su na gardamar wanda zai share aji kullum. Abdu ya ce: "Mu riƙa jefa dala biyu. In barewa biyu suka fito, ni ne. In lamba biyu, Sani ne. In barewa da lamba, Hadiza ce." Duka suka yarda, tun da su uku ne, hanyoyin kuma kamar uku. An yi adalci?

Mu shafa wa dala ɗaya alli don mu gane ta. Mu zana itace a allo. Mai alli ta ba da reshe 2: B (barewa) da L (lamba). Kowane reshe ya sake tsagewa 2 saboda dala ta biyu. Mu karanta ƙarshen rassan:

BB, BL, LB, LL

Ashe huɗu ne! BL dabam, LB dabam, amma duka biyu a kan Hadiza suke faɗawa. Rabon Abdu 1/4, na Sani 1/4, na Hadiza 2/4. Cikin kwana 40 za ta ɗauki tsintsiya wajen sau 20, su kuwa wajen sau goma-goma. An cuce ta, ba ta sani ba.

Wannan tarko ya kama manya. A 1754 wani babban masanin lissafi na Faransa, Dalamber, ya ƙidaya hanya 3 a jifa biyu, alhali 4 ne.

Mu lura: dala ta biyu ba ta san abin da ta farko ta yi ba. Don haka ana iya ninkawa ba tare da zane ba. Barewa biyu: 1/2 × 1/2 = 1/4.

Aiki
1. Ku zauna biyu-biyu, ku jefa dala biyu sau 40, ku rubuta abin da ya fito. Mu haɗa na aji duka a allo.
2. Ku zana itacen dala uku. Hanya nawa ne? Mene ne yiwuwar barewa uku?