UWA, DUBI HANNU DA ƘAFAR ƊANKI

Jijiya iri-iri ce a jikin mutum. Akwai ta jini, akwai kuma wadda take kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu da ƙafa, kamar wayar lantarki. Da ita ake motsi, da ita ake jin zafi da sanyi. In ta ji rauni sai gaɓa ta langaɓe, ko ta mutu ba a jin taɓawa. Wannan ba iska ba ne, ba sammu ba ne. Rauni ne, kuma ana maganinsa in an zo da wuri.

LOKUTA UKU DA ZA KI SA IDO

1. BAYAN HAIHUWA
In jariri babba ne, ko kafaɗarsa ta maƙale wajen fitowa, jijiyoyin da suka taso daga wuya zuwa hannu sukan jawu. Ki duba: hannu ɗaya yana kwance a gefen jiki, a miƙe, tafin yana kallon baya. In jaririn ya razana, hannu ɗaya kaɗai yake ɗagawa. Ki nuna wa ungozoma ko nas tun kafin suna. Yawancin jariran nan suna warkewa. Amma in ya kai wata 3 ba ya lanƙwasa gwiwar hannun, sai a tura ku babban asibiti.

2. BAYAN ALLURA
Babbar jijiyar ƙafa ta ɗuwawu ta bi. In wanda bai iya ba ya soka allura a kanta, zafi yakan tsarga har tafin ƙafa. Daga nan sai ki ga ƙafar ta saki, yaro yana jan yatsunsa a ƙasa, takalmi yana fita bai sani ba. Shi ya sa a asibiti a gefen cinya muke yi wa jarirai allura. Kada ki yarda mai allurar kasuwa ya taɓa miki ɗa.

3. BAYAN KARAYA KO ƊORI
Yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ya karye a damtse ko a gwiwar hannu. Ƙashin da ya karye yana iya danne jijiya, sai wuyan hannu ya langaɓe. Ɗauri mai tsanani ma yana kashe jijiya. In yatsu sun kumbura, sun yi sanyi, sun sake launi, ko yaro yana ta kuka ba sauƙi, to kada ki jira gari ya waye. A kawo shi yanzu-yanzu.

GWAJI A GIDA, GA YARON DA YA YI WAYO

Ki ce ya miƙa hannu ya ɗaga wuyan hannun sama.
Ki ce ya haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe.
Ki ce ya ware yatsunsa, ya kuma haɗe su.
Ki ce ya yi tafiya a kan dunduniya.
Ki rufe masa ido, ki shafa auduga a tafin hannu da bayan ƙafa, ki tambaye shi ko ya ji.
Kullum ki gwada hagu da dama. In ɗaya ta kasa abin da ɗaya take yi, a zo asibiti.

ABIN DA BA ZA KI YI BA

Kada a yi tsaga ko ƙaho.
Kada a ja hannun ko a murɗa shi.
Kada a gasa da ruwan zafi. Wurin da ya mutu ba ya jin ƙuna, sai yaro ya ƙone bai yi kuka ba.

A YI HAƘURI DA JIYYA

Jijiya a hankali take tohowa, kamar inci 1 a wata. Kafin nan, gaɓar da ba ta motsi takan sandare. Nas za ta nuna miki yadda za ki riƙa motsa kafaɗa da gwiwa da yatsu a hankali, kullum, safe da rana da dare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada ki fasa zuwa ranar da aka ba ki.

KI TUNA

A shekarar 2020 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna ta asali, amma har yanzu ana sa ido. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba, in hannu ko ƙafarsa ta shanye farat ɗaya, a kawo shi ran nan a gwada bayan gidansa. A kuma cika masa rigakafi.

In kin ga haka ga ɗan maƙwabciya, ki gaya mata. Ɗa na kowa ne.

MA'AIKATAR LAFIYA TA JIHA